Takardar Koke Kan Akwatin Rarraba Wuta da Ke Lalata Mana Kwamfutoci a Arlit

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Gundumar Arlit,
Jihar Agadas.



Ranka ya daɗe, mu ne masu haya a wani jerin shaguna da ke kusa da kasuwar Arlit, waɗanda abincinmu ke cikin kwamfuta. A cikinmu akwai mai buga takardu da kwafe su, akwai mai aika kuɗi, akwai mai gyaran wayar hannu, sai ni da ke riƙe da alƙalamin nan, mai ɗan ɗakin koya wa yara da matan aure aiki da kwamfuta. Kukan da muka kawo gabanka a kan akwatin ƙarfe guda ɗaya ne, akwatin rarraba wutar lantarki da masu aikin kuran ke ce wa tablo, wanda aka kafa a bayan bangon da kwamfutocinmu ke jingine da shi. Ba mu sa sunan mai ginin ko na ɗan kwangilar da ya yi aikin a takardar nan ba, domin gyara muke nema. Duk ranar da ka aiko wakili, za mu kai shi har bakin akwatin.

Da muka kama shagunan, lafiya lau muke aikinmu. Daga baya mai ginin ya ƙara ɗakuna ta baya, ya ba mai walda ɗaya, mai injin niƙa ɗaya, mai yin ƙanƙara ɗaya. Haƙƙinsa ne, kuma su ma neman halal suke yi kamar mu. Amma da aka zo haɗa musu wuta, sai aka ɗauko babban tablo mai layi uku aka manna shi a bayan bangonmu, tsakaninsa da teburan ɗalibaina kaurin bulo ɗaya tak. Manyan wayoyin da ke shiga da fita duk suka bi gindin bangon nan cikin rami ɗaya, har wayar intanet da ke haɗa shagunanmu aka cusa ta tare da su, wai don kada a sake fasa siminti.

A ɗakina abin ya fara bayyana. Ina da tsofaffin allunan kwamfuta guda uku na gwanjo, irin masu tulun nan a baya, domin su ƙarfina ya kai. Da safe rubutu yana zaune daram a kansu. Amma da rana ta take, injin ƙanƙara ya kama aiki, mai niƙa ya tada nasa, sai rubutun ya soma rawa kamar inuwa a cikin randar da aka girgiza. Wata ɗalibata, matar aure da ke zuwa bayan ta gama abincin rana, takan sa yatsa a kan layin da take karantawa don kada ya kuɓuce mata, kafin a tashi idanunta sun yi ja suna hawaye. Allon da ya fi kusa da kusurwar da tablon yake shi ya fi rawa. Na kira mai gyara ya buɗe shi ya duba, bai ga komai ba. A shagonsa allon ya zauna lafiya, da aka dawo da shi wurina ya koma gidan jiya.

Ranka ya daɗe, ka san garin nan fiye da mu. Uraniyom ne ya haifi Arlit a 1969, SOMAÏR ta fara fitar da shi a 1971, COMINAK ta biyo baya a 1978, aka gina Akokan domin ma'aikatanta. Tun da masu binciken CRIIRAD suka zo daga Faransa a ƙarshen 2003 bisa gayyatar ƙungiyar Aghir In'Man, suka iske tarkacen ƙarfe mai tururin uraniyom a kasuwa, sannan ƴan Greenpeace suka zo a 2009 suka auna titunan Akokan, mutumin Arlit ya daina raina abin da ido ba ya gani. Wanda maciji ya sara, ko baƙin tsumma ya gani sai ya ja da baya. Don haka da labarin allon da ke rawa ya fita, ba a kwana biyu ba aka ce tururi ne. Wasu suka ce allunan gwanjon ne suka zo da shi, wasu suka ce yana cikin bulon ginin. Iyaye suka fara janye ƴaƴansu. Wata uwa ta zo da kanta ta kama hannun ɗanta a tsakiyar darasi, ta ce min, “Malam, ka yi haƙuri, ilimi ba zai saya min lafiyarsa ba.” Ban ga laifinta ba, domin ni kaina a daren nan ban runtsa ba.

Wanda ya warware mana zaren wani dattijo ne daga Akokan, wanda ya yi shekaru yana aikin lantarki a ƙarƙashin ƙasa kafin a rufe ma'adinin COMINAK ranar 31 ga Maris 2021. Ya zo da azahar da ƴar jakarsa, ya zauna ya kalli allon na ɗan lokaci bai ce komai ba. Sannan ya ce in jona allon da kwamfutar a kan ondilar, ƴar na'urar batirin nan da ke riƙe wuta idan kuran ya ɗauke. Ya zagaya baya ya roƙi maƙwabta su yi masa haƙurin minti biyu, ya sauke babban makatsin tablon. Nan take rubutun ya tsaya cak kamar an buga shi a takarda. Ya mayar da makatsin, injuna suka tashi, rubutu ya koma rawa. Sau uku ya yi haka a gaban iyayen da na kira. Ya juyo ya ce da ni, “Ɗana, tururin uraniyom ba shi da makunni. Abin da ka kashe ya mutu, ka kunna ya tashi, wannan aikin kuran ne.” Daga nan ya sa muka ja teburin zuwa ɗaya bangon, rawar ta ragu har sai ka ƙura ido kafin ka gan ta.

Bayanin da ya yi mana, wanda muka ƙara bincika muka tabbatar, shi ne wannan. Duk wayar da wuta ke gudu a cikinta tana da ƙarfin maganaɗisu kewaye da ita, abin da wani malami ɗan ƙasar Danmak mai suna Orsted ya gano tun 1820. Wutar da muke sha a nan, wadda ake samarwa da gawayin Anu-Araren a tashar SONICHAR kusa da Cirozerin, ta taho mana a kan layin bolt dubu 132, tana kai da komowa sau 50 a kowace daƙiƙa, maganaɗisun ma haka yake kaɗawa. Tsohon allo kuwa da maganaɗisu yake zana hotonsa, sau da yawa sau 60 a daƙiƙa. Idan na waje ya shigo, bambancin 60 da 50 shi ne rawar nan sau 10 a daƙiƙa da ke sa ido hawaye. Ɗan kaɗan ya isa: kimanin maikirotesla 1 yana girgiza irin wannan allon. Bulo da siminti da katako ba sa tare wannan ƙarfin, ratsa su yake yi kamar babu su.

Da a ce an yi aikin yadda ya dace, da abin bai kai haka ba. Idan wayar da ke kai wuta da wadda ke dawo da ita suna manne da juna, maganaɗisun ɗaya yana kashe na ɗaya, abin da ya rage kuma yana raguwa da sauri: ka ninka nisa sau biyu, ƙarfin ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Amma dattijon ya buɗe tablon ya nuna mana an warware wayoyin kowace ta bi hanyarta, kuma an haɗa wayar komawa, wadda suke ce wa nutur, da wayar ƙasa a wurare fiye da ɗaya. Ya maƙala awonsa mai baki kamar na ƙaguwa a kan wayar ƙasa, wadda bai kamata a samu komai a cikinta ba sai ranar haɗari, awon ya nuna wuta na gudu. Ya maƙala a kan bututun ruwa na ƙarfe da ya bi bayan shagon mai aika kuɗi, nan ma akwai. Wutar da ta saki hanya haka ba ta da abokiyar da za ta kashe mata maganaɗisu. Amfa 10 kacal, kusan abin da babban dutsen guga na lantarki ke ja, idan suka bi waya ɗaya su kaɗai, suna ba da maikirotesla 1 a nisan mita 2. Teburanmu kuwa ko rabin mita ba su kai ba daga bangon.

Wani zai ce mu zubar da tsofaffin alluna mu sayi na zamani masu faɗi, magana ta ƙare. Gaskiya ne sababbin alluna ba sa rawa, kuma ƙarfin maganaɗisun da ke fita daga tablo bai isa ya goge abin da ke ajiye cikin kwamfuta ba. Amma rawar allo alama ce kawai, kamar zazzaɓi a jikin yaro. Ɓarnar da ta fi cin mu ta cikin wayoyi take biyowa, kuma ba ta bar sabo ko tsoho ba. Duk sa'ad da mai walda ya ɗora sandarsa a kan ƙarfe, ko injin niƙa ya yunƙura zai tashi, wutar layinmu takan faɗi ta tashi cikin ƙiftawar ido, domin daga makatsi ɗaya muke sha da su. Kwamfuta ta mutu ta sake kunna kanta. In ta mutu tana tsakiyar ajiye aiki, aikin ya tafi. Maƙwabcina mai buga takardu ya taɓa kwana yana shirya wa wani saurayi takardun neman aiki da za a aika Yamai, mota tana jiran tashi, injin baya ya tashi, aikin ya lalace ya ƙi buɗuwa. Saurayin bai yi faɗa ba, ya tsaya ne kawai da ambulan a hannu yana kallon allon. Mai aika kuɗi kuwa, wanda masu haƙar zinariya daga Cibarakatan ke cika masa shago su aika wa iyalansu a Tawa da Maradi da Damagaram, sau nawa layinsa ke yankewa kuɗi sun fita rasit bai fito ba, a yi ta rantse-rantse tsakaninsa da mutumin da ya yi wata uku a cikin rami.

Yankewar intanet ɗin ma dalilinta a fili yake. Tun 1831 Faraday na Ingila ya nuna cewa maganaɗisu mai kaɗawa yana haifar da wuta a cikin wayar da ke kusa da shi. Wayar intanet ɗinmu tana kwance kafaɗa da kafaɗa da wayar walda tsawon ginin nan, alhali masu sana'ar sun san ana raba su da tazarar kamar santimita 30, in kuma dole su gamu sai su gitta juna su wuce. Bayan haka, tunda wuta na yawo a wayar ƙasa, ƙasar shago ɗaya ba daidai take da ta ɗaya ba, sai wutar ta riƙa bin wayoyin da suka haɗa na'urorinmu tana neman hanya. Mun yi asarar na'urar buga takardu, da akwatunan raba intanet, da tukwanen wutar kwamfuta da dama. Duk wanda ya taɓa jin ƙaurin tukunyar kwamfuta da ta ƙone ya san yadda gaba ke faɗuwa, domin kayan gyaran sai an aika Agadas, wani lokaci har Yamai ko Kano, ga kuɗin mota a kan wannan hanya tamu.

Akwai abu biyu da suka fi tayar mana da hankali, kuma su ne suka sa muka ce maganar ta wuce ta haya. Na farko, dattijon ya sa na taɓa rigar wayar nutur da bayan hannu, na ji ta da zafi fiye da sauran. Ya ce kwamfutoci da cajojin waya da fitilun zamani ba sa shan wuta a hankali, fizgarta suke yi, kuma a tsarin layi uku wannan fizgar taruwa take yi a kan nutur maimakon ta kashe juna, har wutar da ke cikinta ta iya fin ta kowane layi. An kuma sa mata siririyar waya, ga ɗaurinta ya yi baƙi. Ranar da ta tsinke, na'urar da aka yi domin bolt 220 za ta iya samun abin da ya doshi 380, duk abin da ke jone ya ƙone a lokaci guda, in Allah bai tsare ba har da gobara, a jerin shagunan da ke cike da takarda, a garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Mayu da Yuni. Na biyu, da muka tona inda aka ce an binne sandar ƙasa, sai muka iske ɗan guntun rodi da bai wuce kamu biyu ba, a soke cikin busasshen yashi, da hannu na zare shi. Ranka ya daɗe, ruwan da Arlit ke samu a shekara bai kai abin da Maradi ke samu a watan Agusta kaɗai ba, busasshiyar ƙasa kuwa ba ta karɓar wuta. A nan sai an yi zurfi, an kafa sanduna da yawa an haɗa su, an kuma auna. Ƙa'idar NF C 15-100 da masu aikin wuta ke karantawa ta sa iyakar om 100 ga awon ƙasar ginin da ke da irin makatsin da ake sawa a bakin gida. Wannan guntun rodin ba ya kāre kwamfuta, ba ya kuma kāre yaron da zai dafa jikin tablon ba takalmi.

Game da lafiyar jiki, ba mu so mu faɗi abin da ya fi gaskiya ko ya gaza ta. Hukumar ƙasa da ƙasa mai suna ICNIRP ta sa iyakar maikirotesla 200 ga jama'a a 2010, ke nan allo yana fara rawa tun ana nesa ƙwarai da wannan iyaka. A ɗaya ɓangaren, cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Liyon ta sa irin wannan maganaɗisu a 2002 cikin rukunin abubuwan da ake zaton mai yiwuwa su yi illa, saboda wata alaƙa da aka hango da kansar jini ta yara masu daɗewa kusa da shi. Ni dai tuni na kwashe kujerun yara daga bangon nan, ɗakin ya koma ɗaukar rabin waɗanda yake ɗauka.

Mun je wa mai ginin sau uku, na ƙarshe tare da dattawan unguwa. Ya karɓe mu da mutunci, amma amsarsa ɗaya ce: yana biyan kuɗin wuta, fitila na kamawa, injuna na aiki, in kayanmu na lalacewa to kayan ne marasa kyau. Ɗan kwangilar kuwa cewa ya yi haka yake yi ko'ina, ba wanda ya taɓa kuka. Wannan maganar tasa ce ta ƙara tsorata mu. Mun san abin da ke bayan mita haƙƙin mai gida ne ya gyara, shi ya sa ba mu kai ƙarar kowa a wani ofishi ba, muka zo gare ka a matsayinka na uban ƙasa da maganarsa ke da nauyi a wurin kowa.

Abin da muke roƙo da farko shi ne ka sa a turo ƙwararren ma'aikacin lantarki da kayan awo, a gaban mai ginin da mu, ya auna wutar kowane layi da ta nutur, ya auna ƙasa, ya auna maganaɗisun da ke jikin bangon, ya rubuta abin da ya gani ya sa hannu. In awon ya gaskata mu, muna roƙon a umarci mai ginin ya mayar da tablon can bangon tsakar gida inda ba kowa ke zama, a ɗaure wayoyin kai da komowa wuri guda, a raba nutur da wayar ƙasa yadda ƙa'ida ta ce, a sa mata waya daidai nauyinta, a yi ƙasa ta gaske, a kuma ba shagunan kwamfuta layinsu da makatsinsu dabam da na walda da niƙa. Wayar intanet mu da kanmu za mu fitar da ita mu sake mata hanya da kuɗinmu. An ba mu shawarar lulluɓe bangon da farantan ƙarfe na musamman masu tare maganaɗisu, amma tsadarsu ta fi ta matsar da akwatin nesa ba kusa ba, kuma ba za su hana nutur zafi ba. Batun kayan da muka yi asara, mun yarda a zauna gaban wakilinka a daidaita, ko da ta hanyar rage kuɗin haya ne na wasu watanni. Ba mu so a kori mai walda ko mai niƙa, maƙwabtanmu ne, su ma tablon nan barazana ne gare su.

Sai roƙon da ya fi shagunanmu faɗi. Kwamfuta tana shiga makarantu da ɗakunan shan magani da ofisoshi a Arlit da Akokan, galibi cikin gine-ginen da aka yi wa wayoyi tun ba a san za ta zo ba, kuma mai kafa ta yakan nemi bangon da ya fi kusa da wuta ne. Muna roƙon ka sa a zagaya a duba inda tablo yake da inda kwamfuta take a irin waɗannan wurare, kuma duk mai neman izinin ƙara gini don injuna a tambaye shi inda zai kafa akwatinsa da wanda zai yi masa aikin. Masu yin wannan duba suna nan cikin gari. Rufe COMINAK ya ajiye ma'aikata kimanin 600, cikinsu akwai waɗanda suka yi rayuwarsu suna kula da wuta a wurin da kuskure ɗaya ke cin rai, ga kuma samarin da makarantar ma'adinai ta EMAÏR da ke Agadas ke yayewa. In akwai abin da ya wuce ikon gunduma, ƙasarmu tana da dokar lantarki ta 2016 da hukumar ARSE mai kula da fannin makamashi, muna roƙon ka isar da kukanmu can.

Muna kuma roƙon a yi wa jama'a bayani a gidajen rediyon gari, da Hausa da Tamashek, a rarrabe musu tururin uraniyom da maganaɗisun kuran. Damuwar mutanen Arlit a kan tururi tana da tushe, ga tarin dusar ma'adini tan miliyan 20 da COMINAK ta bari a gefen Akokan kowa na gani, kuma in aka riƙa jingina mata kowace rawar allo, ranar da aka zo da kuka na gaske za a ce irin wancan ne. Domin hankalin iyaye ya kwanta, mun yarda a zo da na'urar awon tururi a auna allunan gwanjonmu da bulon ɗakin, a faɗi sakamakon a gaban kowa. Uwar da ta janye ɗanta ta ce min ranar da ta ga an auna da idonta za ta dawo da shi.

In za a turo mai awon, muna roƙon ya zo tsakanin azahar da la'asar a ranar aiki, lokacin da injin ƙanƙara da na niƙa da walda duk suke kunne. Da safe ko ranar Juma'a zai iske komai lafiya. Dattijon da ya taimaka mana ya ce a shirye yake ya zo ya nuna inda ya maƙala awonsa, mun kuma ajiye guntun rodin da tukwanen da suka ƙone a shagona.

Allah ya ja zamaninka, ya taimake ka a kan riƙon jama'a.

Mu ne naka,
Masu haya a jerin shagunan kwamfuta da ke kusa da kasuwar Arlit,
da hannun mai ɗakin koyar da kwamfuta a madadin sauran.